Wanda bai iya ɗaga kansa ba, ina shi ina ɗaga siminti?



Yau maganar ƴan ƙarfe za mu yi. Duk mai fita da la'asar sakaliya ya san su. A gefen fada, kusa da murhun shayi, ga benci na katako, ga bututun ƙarfe da aka cusa ma gwangwanaye biyu cike da siminti, wani wurin kuma tsofaffin ƙarafan mota ne mai walda ya haɗa. Samari sun tuɓe riguna suna jiran layi, na kwance yana nishi, sauran suna ƙirga masa. Da can sai a manyan birane kamar Maraɗi da Damagaram aka fi ganin haka. Yanzu abin ya zauna a Tasawa da Mayahi, yana kuma bin hanya zuwa ƙananan garuruwa, don bidiyon da ke shiga salular ɗan birni shi ne ke shiga ta ɗan ƙauye.

Magana iri biyu ke iso mana. Dattawa na cewa: "Yaran nan aikin yi sunka rasa, wanga hanyar zama ɗan daba ce." Samari na cewa: "Ku bar mu, ai mun fi masu zaman karta." Mu ga inda muka tsaya: a bar su su ɗaga, amma a gyara yadda ake ɗagawar. Saurayin da ya dogara da ƙarfe kaɗai yana gina rabin jiki ne, yana kuma haƙa ma kafaɗarsa rami. Wanda ya tsaya ga motsa nauyin jikinsa kaɗai, wata rana ƙarfinsa zai tsaya wuri guda. Sai an haɗa biyun, kuma nauyin jiki ne ke zuwa farko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bari mu fara da tsoron dattawa, don ba tsoron banza ba ne. Tasawa tana kusan rabin hanya tsakanin Maraɗi da Damagaram, kuma duk wanda ya san Damagaram ya ji labarin ƙungiyoyin samari da ake ce ma pale. A 2021 Aicha Macky, ƴar garin, ta fitar da fim mai suna Zinder, wanda ya nuna rayuwar samarin unguwar Kara-Kara, da wuraren ɗaga ƙarfensu, da rashin aikin da ke cin su. Duniya ta kalla. Amma wanda ya kalla da idon basira zai ga ba ƙarfe ne ya kawo rikici ba. Rashin aiki, rashin makaranta da wulaƙanci su ne tushen, ƙarfen wuri ne kawai da yaran suka samu na jin su ma wani abu ne. In aka kore su daga gindin bishiyar unguwa, za su koma kango inda ba idon babba. Gara a san inda suke, a san wa ke koya masu.

To mi ne ne abin damuwa na gaskiya? Kafaɗa da gadon baya. A ƙasarmu kafaɗar saurayi ita ce jarin gida. Da ita ake tura hauya a gonar gero tun daga noman farko har maimai. Da ita ake jan guga a rijiyoyi masu zurfi na ƙasar Mayahi, ake ɗora buhu bisa amalanke ranar kasuwa, ake buga bulo, ake saran kaba a Gulbin Kaba. Ɗan birnin Turai in ya ji ciwo wurin ɗaga ƙarfe, akwai hoto, akwai likitan gashi, akwai albashin da ke shigowa yana kwance. Namu in kafaɗa ta goce a watan Mayu, sai maɗori, sai kuma gona ta kwana da ciyawa. Ciwon mutum ɗaya sai ya taɓa rumbun mutum goma.

Yanzu ku lura da abin da ake yi a mafi yawan fadodin nan. Motsi biyu ne: a kwanta bisa benci a tura ƙarfe sama, a tashi a naɗe damtse. Ƙirji da ƙwanji ke nan, wato abin da madubi ke nunawa da abin da ke cika riga. Bayan jiki ba mai tuna shi, tunda ba ya fita a hoto. Alhali kafaɗa gaɓa ce mai sako-sako. Kan ƙashin damtse yana zaune ne bisa wani ɗan gurbi marar zurfi, wasu ƙananan tsokoki huɗu ne ke riƙe shi a tsakiya, tsokokin gadon baya kuma su ke tafiyar da allon kafaɗa. In gaba ta yi ta ƙaruwa baya na nan jiya i yau, sai kafaɗu su ranƙwafo, ɗaga hannu sama ya fara zafi, kwanciya a gefen ya gagara. Ga wani abu kuma: tsoka tana saurin ƙara ƙarfi, jijiyar da ke ɗaure ta da ƙashi tana bin baya a hankali. Shi ya sa yaro zai ji yana iya ƙara nauyi kowane mako, gwiwar hannu da kafaɗa kuwa ba su shirya ba. Jiki magayi, amma sai ga mai saurare.

Abin mamaki, ƙarfen da ya fi dacewa da mai farawa yana tare da shi ko'ina. Pomp ɗin da malamin EPS ya sa mu yi a kwalej, wanda wasunmu suka ɗauka horo ne, ba ƙaramin nauyi ba ne. Mai yin pomp yana ture wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa. Saurayi mai kilo 65 yana ɗaga sama da kilo 40 ke nan a kowane turi, kuma ciki da ƙugu suna aiki don jiki ya tsaya miƙe, allon kafaɗa yana motsi yadda Allah ya yi shi, ba a danne shi da benci ba. In kuwa ya rataya a bar-fiks ya ja kansa har haɓa ta wuce sanda, kusan dukan kilo 65 ɗin ya ja, da yatsu, da damtse, da gadon baya. Ku gwada a fadarku yau: cikin masu cika baki da nauyin siminti, mutum nawa ne za su ja kansu sau biyar ba tare da shure-shure ba? Amsar ita ce dalilin wannan rubutu.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, masu cewa ƙarfe ɓata jiki ne, pomp ya isa. Su ma ba mu bi su duka ba. Tsoka ba ta ƙara ƙarfi sai an ɗora mata abin da ya fi wanda ta saba. Ranar da pomp goma ke gagarar ka, pomp na gina ka. Ranar da kake yin arba'in kana hira, juriya kake ƙarawa, ƙarfin ɗaukar abu mai nauyi kuwa ya kusa tsayawa. Nauyin jikinka ba ya ƙaruwa yadda kake so, na ƙarfe kuwa kana iya ƙara masa kilo ɗaya ko biyu daidai gwargwado. Kuma akwai motsin da rayuwarmu ke nema wanda pomp ba ya koyarwa, kamar ɗaga kaya daga ƙasa a kai shi bisa kai, ko tafiya da nauyi a hannu biyu. A nan ƙarfe ke da aikinsa.

In ana neman misali, ba sai an je Amurka ba. Jiharmu ta Maraɗi gidan kokowa ce. A gasar ƙasa ta farko, a Tawa a 1975, Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya zama sarki, kuma filin kokowar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Bayansa Umaru Bindigau ya sake kawo mana takobi. A zamanin nan Isaka Isaka na Doso ya ɗauke shi har sau shida. Kowace jiha cikin takwas tana kai mutum goma, tamanin ke nan, kuma duk mai bin kokowa a rediyo ya sha jin an kada ƙato da hannun wanda bai kai shi jiki ba. Mi ke kada mutum a fili? Riƙo, da gadon baya, da ƙugu, da ƙafa mai kafuwa a rairayi, da sanin inda nauyin jikinka yake a kowane lokaci. Ɗan kokowa yana iya sarrafa nauyin kansa, yana kuma iya ɗaga nauyin wani. Haɗin da muke magana ke nan. Ba a taɓa ba mutum takobi don faɗin ƙirji ba.

To ta yaya ake haɗawa? Ga shawararmu, kuma ba ta bukatar kuɗi.

Mataki na farko, wata ɗaya ko biyu, jiki kaɗai. Pomp mai tsabta: jiki miƙe kamar taɓarya, ƙirji ya kusa taɓa ƙasa, gwiwar hannu kada ta buɗe kamar fiffiken kaza. Sai jan jiki a bar-fiks. Wanda bai iya ko ɗaya ba kada ya ji kunya. Ya yi tsalle ya kai haɓa sama, ya sauko a hankali yana ƙirga biyar. Ko ya samu sanda daidai ƙugu, ya shiga ƙarƙashinta diddige a ƙasa, ya riƙa jawo ƙirji zuwa gare ta. Sai tsuguno da tashi don ƙafafu. Mu a ganinmu, wanda bai kai pomp ashirin da jan jiki biyar ba, bai kai kwanciya ƙarƙashin siminti mai nauyi ba. Ba doka ba ce daga wani littafi, ma'auni ne mai sauƙi da kowace fada ke iya riƙewa.

Mataki na biyu, a shigo da ƙarfe, kwana uku a mako da hutun kwana ɗaya a tsakani, misali Litinin, Laraba da Asabar. A fara da ɗumama jiki minti biyar zuwa goma: ɗan gudu, juya kafaɗu, pomp kaɗan. Daga nan a yi mai nauyi tun ƙarfi na nan, seri uku, kowace sau shida zuwa goma, da hutun kamar minti biyu. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce kowane turi yana da ja. In ka tura ƙarfe a kwance, bi shi da bar-fiks. In ka ɗaga ƙarfe sama da kai a tsaye, bi shi da jawo ƙarfe zuwa ciki kana sunkuye, baya miƙe. A rufe da nauyin jiki: pomp, ko nitso tsakanin sanduna biyu ba tare da zurfafawa har kafaɗa ta yi ƙara ba. Naɗe damtse da ake so ɗin nan, a bar shi ƙarshe, kamar kofin shayi na uku. Ranar da ka yi sau goma sha biyu a duk seri ba tare da jiki ya karkace ba, ƙara kilo ɗaya ko biyu. Ba biyar ba, ba goma ba.

Wannan ya kawo mu ga simintin kansa. Nawa yake? Yawanci ba wanda ya sani. Wani ya ce hamsin, wani ya ce saba'in, kowa da bakinsa. Kankare ya fi ruwa nauyi fiye da ninki biyu, lita ɗaya ta haura kilo 2, don haka ɗan bambancin cika tsakanin gwangwani da gwangwani yana iya sa hannu ɗaya ya riƙa ɗaukar fiye da ɗaya, wata da watanni. Ku kai shi ga mai sikeli a kasuwa, a auna kowane gefe, a rubuta da fenti. Ku yi ƙanana da matsakaita, kada fada ta mallaki ƙato guda ɗaya da yaro da babba ke kokawa da shi. Bido ma ƙarfe ne: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, bido mai lita 25 kana iya fara shi daga rabi ka riƙa ƙara lita-lita. Ɗauki biyu ka yi tafiya da su kafaɗu a miƙe, ka ji abin da riƙo yake nufi. Yashi a cikin jakar baya kuma yana mayar da pomp ya koma sabo. Sannan don Allah kada kowa ya kwanta ƙarƙashin ƙarfe shi kaɗai. Sai da mutum tsaye a kansa, ido bisa sanda, ba bisa salula ba. Ƙarfen da ya faɗo a maƙogwaro ba ya jiran a kira kabo-kabo.

Yanzu maganar da ba a son yi a fili: ƙwaya. Akwai masu shan tramol kafin su ɗaga, wai don kada su ji gajiya. Tramol ba ya ƙara ma tsoka komai. Zafi yake rufewa, zafin nan kuwa shi ne ɗan aiken da ke gaya maka jijiya ta kusa yagewa. Yana kama mutum har ya kasa rabuwa da shi, kuma in ya yi yawa yana jawo faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya. Ku yi tunanin haka ta samu mutum da siminti bisa ƙirji. Akwai kuma masu sayen ƙwayar ƙiba a tebur, irin su dekisametazon. Wannan fuska take kumburawa, ta tara ruwa da kitse, amma tsokar hannu da ƙafa cinye ta take yi, ta tada suga da tansiyo, ta raunana ƙashi. Allurar gina tsoka da ake gani wurin wasu ƴan bidiyo kuwa tana taɓa zuciya da hanta, tana rage ƙwayar haihuwa. Saurayin da ke tara kuɗin aure ya dubi wannan da kyau. A makonnin farko ƙarfi ke fara zuwa, girman tsoka sai an yi wata biyu ko fiye ake fara ganinsa. Wanda ya ce maka yana da gajeriyar hanya, aljihunka yake dubawa.

Abin da ke gina tsoka abinci ne da barci. Masana sun nuna mai ɗaga nauyi yana cin riba har zuwa wajen giram 1.6 na furotin ga kowane kilo na jikinsa a rana, wato kamar giram 100 ga mai kilo 65. Ba sai an sayi garin gwangwani daga waje ba. Busasshen wake giram 100 yana da furotin sama da giram 20, gyaɗa wajen 25, ƙuli-ƙuli ya fi haka tunda an matse mai, ƙwai ɗaya wajen 6. Ga nono, ga awara, ga fara lokacinta, ga kwaɗon zogale. Amma a nan akwai gaskiya mai ɗaci. Jiharmu tana cikin inda tamowa ke damun yara ƙanana. Saurayin da ke cinye ƙwan gida don ƙwanji ya fito, ƙanensa ɗan shekara biyu na shan kunu tsura, bai fahimci mi ake nufi da ƙarfi ba. In rumbu ya yi ƙasa, a rage horo, a bar ma yara da mai shayarwa kasonsu.

Haka ma lokaci. A watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, don haka a yi bayan asuba ko gab da magariba, da ruwa a kusa. Cikin azumi a bari sai an sha ruwa. Da damina kuwa gona ita ce babban horo. Wanda ya wuni yana noma ba ya bukatar benci da yamma, ɗan bar-fiks da miƙe jiki sau biyu a mako ya isa ya riƙe abin da aka tara da rani. Mai tansiyo ko mai ƙaba ya fara zuwa CSI a duba shi, kuma kowa ya riƙa fitar da numfashi lokacin turawa, kada ya riƙe shi har ido ya yi ja. Yara ƴan ƙasa da sha biyar su tsaya ga nauyin jiki da ƙarfe marar nauyi a gaban babba, a hana su gasar wa ya fi ɗauka.

Kada a ce wannan zancen samari ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce kowane baligi, mace da namiji, har tsofaffi, ya riƙa aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Iyayenmu mata da ke daka da jan ruwa suna yin nasu kullum, har ya yi yawa. Amma mu ma'aikatan buro, da ƴan kasuwa masu wuni a zaune, da masu wuni bisa babur, mu ne ya kamata mu fara jin kunyar bar-fiks.

Saura kira. Ga hukumomin komin-komin namu, daga Tasawa, Maijirgi, Korgom da Urafan har Mayahi, Kanambakashe da Sarkin Hausa: bututu uku, siminti kaɗan da aikin mai walda na yini ɗaya sun isa a kafa bar-fiks da sanduna biyu a gefen filin ƙwallo ko gidan matasa. Ba sai an jira wani furoje ba. Ga malaman EPS da tsofaffin ƴan kokowa: ku leƙa fadodin nan ko sau ɗaya a wata, ku gyara ma yara tsayuwa da riƙo, maganarku ta fi tamu shiga kunnensu. Ga shugabannin fada: ku sa doka uku, a auna ƙarfe, ba mai ɗagawa shi kaɗai, mai ƙwaya ba ya taɓa sanda. Ga iyaye: maimakon kora, ku tambayi yaro sau nawa yake jan kansa, ku kuma duba ko buhu ya fi yi masa sauƙi bana.

Ku kuma samari, ƙannenmu, ba mu ce ku daina son jiki mai kyau ba, kowa ya yi ƙuruciya. Amma ƙarfin da za a yaba shi ne wanda zai kai ku shekara hamsin kuna ɗaga hannu sama ba zafi, kuna noma gonarku, kuna ɗaukar tsoho zuwa asibiti in ta kama. Ku fara da ɗaga kanku, sannan ku ƙara da ƙarfe, sannu ba ta hana zuwa.

Ku kai wannan magana fada yau da dare, a tattauna ta kafin shayi ya huce. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya tsare mana matasanmu, ya ba mu damina mai albarka. Amin.